Ranar da Mijin Yaya Ya Saye Ni

Ka ɗauko duk rantsuwar da ka sani ka ce in maimaita, zan maimaita, kuma na san duk da haka ba za ka yarda ba. Ni ɗin nan da kake gani, an taɓa yin cinikina da rana tsaka, a gaban jama'a, ina tsaye ina ji da kunnena. Wanda ya saye ni kuwa mijin yayata ne. Abin da ya fi min ciwo har yau shi ne sai da ya nemi ragi.

A unguwarmu Farfesa ake kirana. Wasu za su ce maka ban gama makaranta ba. Ƙarya suke yi, makarantar ce ta kasa gamawa da ni. Ranar da na lura malamai sun fara tambayata abubuwa a takarda, na ce to, tunda su ma ba su sani ba, zaman me nake yi? Na fito.

A lokacin ina zaune a ɗakin baya na gidan Yaya, ina tsare wa mijinta shago. Kayan maza yake sayarwa: kwat, wanduna, takalma masu tsini. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya gane baiwa idan ya gan ta. Wata rana ya dawo ya tarar na rufe shago na tafi raba gardamar ƙwallo a bakin titi. Ya zaunar da ni, ya ɗaga yatsa ɗaya.

Ya ce, "Farfesa, ƙarya ɗaya ta rage maka a gidan nan. Ka yi ta, ka naɗe katifarka."

Inna, mahaifiyarsa, tana gefe tana yankan farce. Ta daɗe tana son ɗakin nan nawa don ta zuba kwanukanta da keken ɗinkinta. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kada ka takura masa. Bar shi ya zaɓi mai kyau."

To, a tsakiyar birni akwai wani babban filin shaƙatawa. Duk ƙarshen mako nan ake cika: masu zane, masu kiɗa, 'yan wasan kwaikwayo, masu ƙera abubuwa da ƙarfe, ga iyalai sun baza tabarmi a ciyawa. A nan na ga wani mutum ya shafe jikinsa da launin zinare tun daga hula har takalmi, ya hau akwati ya ƙame. Ba ya waƙa, ba ya rawa, ba ya ko ƙifta ido. Jama'a sun yi masa zobe, ana ta ɗaukar hoto, ana tafi, har da mai kyamarar talabijin.

Na tambayi na kusa da ni, "Malam, wannan me yake yi?"

Ya ce, "Ba komai. Fasahar ke nan."

Ashe akwai sana'ar da ake tafa wa mutum don bai yi komai ba, ni kuma ina can ana yi min faɗa a kan abin nan ɗaya? Nan take na san na gano abin da aka haife ni in yi. Na ce Asabar mai zuwa zan hau akwati, talabijin ta ɗauke ni, Inna ta gan ni a labarai ta ƙware da shayi.

Matsala ɗaya ce: Asabar ɗin nan Mijin Yaya ya yi alkawarin fita da iyali yawo, ni zan tsare shago. Amma ka san kaina ba ya kwana. Na lissafa: idan na kwanta ciwo, dole shi ya zauna a shago. Ya zauna a shago, ba mai tuƙa mota. Ba mota, ba yawo. Kowa na gida, ni ina fili. Ka ji lissafi irin na wanda bai ɓata ƙwaƙwalwarsa a aji ba.

Na je wurin maƙwabcinmu Mai Fenti na ce ya sammin fenti ruwan azurfa.

Ya ce, "Me za ka shafa wa?"

Ban so asirina ya fita ba, sai na ce, "Wani abu ne mai daraja."

"A ciki zai zauna ko a waje?"

"A waje. Cikin rana."

Ya miƙo min gwangwani da buroshi. Ya ce, "To ga wanda ya dace. Amma in ka ɓata min buroshi, kai da shi za ku kwana a kananzir."

Asabar da safe na fara nishi tun kafin a ɗora ruwan shayi. Nishi mai hawa-hawa, irin wanda ke ratsa bango. Yaya ta leƙo da damuwa.

"Auta, me ya same ka?"

"Yaya, ki yafe min duk abin da na yi miki."

"Subhanallahi! Ina ne ke ciwo?"

"Ki tambayi inda ba ya ciwo, zai fi sauri."

Na jiyo Inna daga tsakar gida tana cewa, "A tambaye shi ko zai ci abinci. In ya ce a'a, a kira likita. In ya ce e, a kira shi shago."

Na ce ba zan ci ba. Wallahi wannan ita ce sadaukarwa mafi girma da na taɓa yi wa fasaha.

Da na ji gida ya lafa, na jera matasai a ƙarƙashin bargo, na kulle ɗaki ta ciki, na dira ta taga. A lungun bayan gida na shirya. Kwat ce sabuwa fil, wadda na aro daga shago ba tare da na wahalar da mai ita da tambaya ba. Na sa ta, na sa malafa, na sa baƙin tabarau, na manna gemun auduga. Sannan na bi komai da buroshi: kwat, wando, takalmi, malafa, gemu, fuska, wuya, hannuwa, har bayan kunne. Na duba kaina a gilashin wata mota. Malam, na yi kyau. Kamar sabuwar tukunya.

Ina fitowa titi, karen Mai Wanki na bakin layinmu ya gan ni. Karen nan da ko ɓarawo ba ya tashi dominsa, ya yi wani kuka ya shige ƙarƙashin teburin guga. Mai Wanki ya leƙo, ya yi salati, ya rungume kayan mutane.

"Kai wane ne? Kada ka matso! Fararen kaya ne!"

Na wuce shi ba magana. Babban ɗan wasa ba ya gaisawa a hanya.

A tashar bas kwandasta ya tare ƙofa da ƙafa.

"Ina za ka da wannan jikin?"

"Filin shaƙatawa. Ni ɗan fasaha ne."

"Ɗan fasaha ko kwanon rufi? In za ka shiga, tsaye za ka yi, kuma kada ka taɓa kowa."

Na shiga na tsaya. Ban taɓa kowa ba, direba ne ya taka birki. Na dafa bayan wani bawan Allah mai farar riga, ga alama ɗaurin aure za shi. Da na ɗaga hannu, ga yatsuna biyar sun zauna masa tsakanin kafaɗu, suna ƙyalli. Bai sani ba. Duk motar ta sani. Wata mata ta buɗe baki za ta gaya masa, na sa yatsa a leɓe na ce, "Hajiya, sabon yayi ne." Na sauka tun kafin tashata, na ƙarasa da ƙafa.

Tafiyar nan cikin rana ita ta fara nuna min halin fentin. Kwat ta bushe ta sandare. Gwiwar wando ta ƙi lanƙwasuwa. Fuskata ta ɗaure kamar an ja ta da igiya ta baya. Kafin in isa fili ina tafiya kamar almakashi. Na ce ba komai, wannan ai taimako ne: wasu sai sun yi shekaru suna koyon ƙamewa, ni gwangwani ɗaya ya gama min.

Na sami akwatin lemo na kife shi kusa da rumfar masu ƙira, na hau. Na zaɓi tsayuwar manyan mutane: ƙirji a gaba, haɓa a sama, hannun dama a miƙe yana nuna gobe. Na ƙame.

Ka ga jama'a? Kafin ka ce me, an kewaye ni. Hoto ta ko'ina. Wata budurwa ta ce, "Kai, kamar gaske!" Wani ya ce ai wannan ya fi mai zinaren can. Na so in ce masa ya faɗa da ƙarfi, na tuna ba na magana. Wannan shi ne babban aibin sana'ar: ana yabonka, ba ka da damar ƙarawa.

Sai ƙuda ya zo. Ya sauka a kan hancina, ƙafarsa ta maƙale a fentin da gumi ya jiƙa. Shi yana so ya tashi, ni ina so ya tashi, ba wanda ya iya taimakon wani. Muna cikin wannan zaman haƙuri da juna sai na hango wata lema mai ruwan ɗorawa tana ratso taro.

Lemar nan na san ta. A cikin lema dubu zan nuna ta, don ta sha sauka a gadon bayana.

Inna ce a gaba. Yaya a bayanta da kwandon abinci. Mijin Yaya a ƙarshe, fuska a murtuke, makullin shago na lilo a yatsansa. Ashe tsohuwar nan cewa ta yi alkawari alkawari ne, a rufe shagon. Wannan ne kaɗai abin da lissafina bai hango ba, kuma ba laifin lissafin ba ne, laifin Inna ne.

Gudu ba zai yiwu ba, gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Na duba gefe. A rumfar masu ƙira an jera mutum-mutumi na ƙarfe, tsayin mutum, duk ruwan azurfa: mai noma, mai gudu, mace da tulu. Wani mai ganga ya fara kiɗa, kowa ya waiwaya. Na sauko daga akwati na ja jiki na shige tsakanin mai noma da mace da tulu, na miƙa hannu, na ƙame. Na ce su wuce in koma bakin aikina.

Ba su wuce ba. Rumfar tana da inuwa.

Inna ta shigo tana haki. Ta duba hagu, ta duba dama, ta ga hannuna a miƙe. Ta rataya jakarta a kai. Ta naɗe lema ta ƙara. Malam, ban san me tsofaffi ke zubawa a jaka ba, amma na tabbata akwai dutsen guga a ciki.

"Kin ga," in ji ta ga Yaya, "ga abin da ake kira amfani. Yana tsaye, ya riƙe kaya, bai ce yana jin yunwa ba."

Sai ga wani mutum ya ɓullo daga bayan rumfa yana goge baki, da ƙatuwar murya. Dillali ne. Maƙerin da ya yi kayan ya tafi hira da 'yan jarida, ya bar masa rumfa. Ya zo ya tsaya a gabana, ya dube ni sama da ƙasa. Na ga a idonsa bai taɓa ganina ba. Na kuma ga a idonsa ba zai taɓa yarda ya faɗi haka ba. Maƙaryaci yana gane ɗan'uwansa.

Ya ce, "Alhaji, ido gare ka! Duk rumfar nan ka tsallake ka tsaya a kan uban kayan. Wannan wata da watanni ana dukansa."

Mijin Yaya ya ce, "Ni inuwa na shigo."

"Inuwar ma tasa ta fi sanyi. Ji ƙarfe!"

Ya ƙwanƙwasa min ƙirji da makulli. Kwat ta amsa: ƙwas, ƙwas. Ya ƙwanƙwasa malafa. Ya kai hannu zai ƙwanƙwasa hanci, ya ga ƙuda.

"Dubi aiki! Har ƙuda aka ƙera masa."

Mijin Yaya ya matso, ya ƙura wa kwat ido. Ya shafa wuyanta, ya ƙirga maɓallai da yatsa.

"Ikon Allah. Irin wannan ɗinkin sak nake sayarwa."

"Ai daga manyan shaguna maƙerin ke ɗaukar samfuri," in ji Dillali. "Wataƙila ma naka ne."

Ka ga gaskiya ta fito daga bakin mutum ba da saninsa ba.

Yaya ta ajiye kwando ta ce, "Ni hankalina na gida. Na ƙwanƙwasa wa Auta kafin mu fito, shiru. Bari in kira shi in ji jikin."

Inna ta ce, "Kira shi. In ya ɗauka da ƙarfi, ya warke. In ya ɗauka da nishi, ya ga sunanki ne."

Wayata tana aljihun kwat na ciki. Na rufe mata murya tun a gida, amma ban hana ta rawa ba. Ta fara. A cikin sandararriyar kwat, rawar nan ta zama gurnani: zrrr, zrrr. Ƙirjina duka ya ɗauka. Jakar Inna ta fara karkarwa a hannuna.

Kowa ya ja baya. Inna ta ce, "A'uzubillahi!"

Dillali ma ya tsorata. Amma gwani gwani ne. Ya daki cinya ya ce, "Kun taɓa shi, ya tashi! Ai na manta ban gaya muku ba, mai inji ne. Da batir yake aiki."

Yaya ta sauke waya ta ce, "Bai ɗauka ba." Gurnani ya tsaya.

"Ya kashe kansa," in ji Dillali. "Ba ya cin batir."

Nan fa idon Mijin Yaya ya canza. Na san idon nan, shi yake yi in ya ga kaya masu araha. Ya zagaya ni. Ya ce da Yaya, "Ki duba. In na kafa wannan a ƙofar shago, da kwat irin tawa, yana nuna wa mutane hanya da hannu, wa zai wuce bai tsaya ba?"

"To Auta fa? Ai shi ke kiran masu saye."

"Ƙaninki? Wannan a tsaye kawai ya fi shi aiki. Ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba ya ciwon Asabar."

Yaya ta ce, "Haba, yau da gaske yake. Ko abinci ya ƙi." Allah ya yi wa Yaya albarka. Da ba don fuskata ta ɗaure ba, da na ɗan ji kunya.

Aka shiga ciniki. Ba zan gaya maka abin da Dillali ya yanka ba, amma ya burge ni, mutumin ya san daraja. Mijin Yaya kuwa ya taya abin da ko tsohuwar fanka ba za a sayar a kai ba. Inna ta karɓi aikin kushe kaya don farashi ya sauko. Ta tako gabana da sandarta.

"Dubi kunnuwa kamar marfin tukunya."

"Na jin kiran masu saye ne, Hajiya."

"Ƙafafu kamar na kujerar makaranta."

"Don kada ya ci wuri."

"Kuma fuskar nan, da gani ka ga malalaci. Ni wani ma yake tuna min." Ta caka min sanda a ciki. "Nan kuma me ya sa ya yi laushi?"

"Wurin batir ne."

Na haɗiye. Na haɗiye kunnuwa, na haɗiye ƙafafu, na haɗiye sanda. Hannuna ya mutu tun tuni, gumi na gangarowa cikin wando, ƙuda na nan. Na ce Farfesa, daure. Ɗakinka ne a kan hannun nan. Ka motsa, yau a titi za ka kwana.

Suka daidaita. Dillali ya ce, "Allah ya sa albarka," ya ƙwala wa 'yan dako kira. Ƙarti biyu suka turo amalanke. Ɗaya ya kama kafaɗuna, ɗaya ya kama ƙafafu, suka kwantar da ni kamar katako. Na tafi a sandare, hannu na nuna sama, jaka na lilo.

Na ƙafafun ya ce, "Kai, ƙarfen nan da ɗumi yake."

Na kafaɗun ya ce, "Rana ce. Amma ka ji kamar yana numfashi?"

"Inji ne," in ji Dillali. "Ku ɗaure."

Suka zagaya ni da igiya. Har a lokacin ban karaya ba. Na ce in an kai ni shago aka juya baya, zan sulale in koma gida in shige bargo, gobe a ce an sace mutum-mutumi. Sai na ji Mijin Yaya yana cewa, "Mu biya ta wurin mai walda, ya haɗa ƙafafun da farantin ƙarfe, a ɗaure da sarƙa. Unguwar akwai ɓarayi."

Walda. A ƙafata. Na fara addu'a a zuci, wadda na iya da wadda na bari a makaranta.

Ana shirin turawa sai ga Maƙerin ya dawo, dogo, mai furfura, 'yan jarida na biye da shi, har da mai kyamarar talabijin ɗin nan da na zo dominta. Jama'a suka taru. Dillali ya tare shi da murna.

"Maigida, na sayar da uban kayan!"

Maƙerin ya sunkuyo kaina. Ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba aikina ba ne."

"A'a, Maigida, a cikin naka yake."

"Na ce ba nawa ba ne. Wa ya jefo min wannan tarkacen cikin rumfa?" Ya juya ga kyamara. "Ku duba, jama'a, irin abin da ke ɓata mana sana'a. Kai ya yi wa jiki girma. Wuya kamar na kwalba. Tsayuwar ba rai, ba ma'ana. Wanda ya yi wannan bai san fasaha ba, bai taɓa wucewa ta ƙofar gidanta ba. Alhaji, in ka biya, karɓi kuɗinka. Wannan sai dai a kai wa masu gwangwan su auna."

Malam, na jure Inna. Na jure sanda. Walda ma da wataƙila na jure. Amma a ce ban san fasaha ba, a gaban talabijin? Ban san sanda bakina ya ɓalle fentin da ya riƙe shi ba.

"Kai ne dai ba ka san aiki ba, tsoho! Naka wanne ne ya taɓa yin numfashi?"

Filin nan ya watse. 'Yan dako suka saki amalanke, ta ɗaga ƙafa, na zame da igiya da komai na sauka a kan kwandon Yaya. Dillali ya tsallake mace da tulu ya yi ta kansa. Mai kyamara ya ja baya yana ɗauka, ya faɗa kan mai ganga. Wata mata tana ihu, "Ya tashi! Ƙarfen ya tashi!" Inna ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta zare lemarta daga hannuna ta shiga aiki, tana yi tana salati, kwat na amsawa kamar ana dukan ganga.

Sai wani daga baya ya fara tafi. Wani ya kama. Kafin ka ce me, duk fili na tafi da shewa, sun ɗauka wasan kwaikwayo ne aka shirya. Na ga ƙofar tsira ta buɗe. Na yunƙura na miƙe, na sauya murya, na yi ta ƙasa-ƙasa kamar ta baƙo.

"Na gode, jama'a, na gode! Wannan shi ne sabon wasanmu. A tafa wa Hajiya, ta iya duka!"

Inna ta tsaya da lema a sama. Ta karkata kai.

"Sake magana."

Na gyara malafa na kau da kai.

"Muryar nan ko a rijiya aka jefa ta na san ta. Ita ce kullum ke cewa a ƙaro miya."

Yaya ta matso a hankali. Ta sa hannu ta zare min tabarau. Ka san ban shafa fenti a ƙarƙashinsa ba. Ga idanuna biyu a cikin baƙaƙen da'ira, suna ƙifta mata.

"Auta?"

"Yaya, jikin ne ya ɗan yi sauƙi, na ce bari in sha iska."

Ta dubi ƙasa kawai. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Mijin Yaya ya zo ya kama wuyan kwat ya leƙa ciki, inda buroshi bai kai ba. Ga tambarin shagonsa a ɗinke. Ya saki. Ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi ihu.

"Na rufe shago ranar kasuwa saboda kai. Ka ɗauki kwat ɗina ka mai da ita kwano. Sannan na tsaya cikin rana ina cinikin kayana a jikin surukina. Na ce maka ɗaya ta rage, ka yi min buhu. Yau ɗin nan za ka naɗe katifarka."

Na dubi Yaya, Yaya na kallon ƙasa. Na dubi Inna, na ce shi ke nan, kwanuka sun ci ɗaki.

Inna ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ba inda za shi."

Kowa ya juyo.

"Ni na yi cinikin nan da bakina, na sha wahala na sauko da farashi, an ce Allah ya sa albarka. Ba a mai da kaya. Ka ce in ka kafa shi a ƙofar shago kowa zai tsaya? To ga jama'a sun tsaya. A kafa shi. Daga buɗewa zuwa rufewa, hannu a miƙe, baki a rufe. Tunda na san yaron nan, yau ne kaɗai na ga ya yi shiru ya yi amfani. Ɗakin kuma ya ci gaba da kwana, kaya ai sai da wurin ajiya."

Jama'a suka sake tafi. Mijin Yaya ya yi tunani, na ga idon nan nasa na araha ya dawo.

Na ce, "Maigida, a matsayina na ɗan fasaha ina da tambaya. Har zuwa yaushe?"

"Har fentin ya fita."

Na saki ajiyar zuciya. Na ce a raina, sabulu da ruwan zafi, gobe war haka na gama biya.

Maƙerin ya matso. Ya kankari goshina da farce, ko gezau. Ya shinshina yatsan, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gamu da tsohon aboki.

Ya ce, "Na san shi. Irinsa na shafa wa ƙofar gidana tun kafin in yi aure. Jiya jikana ke duba fuskarsa a jiki."

Mijin Yaya ya ɗaga wa 'yan dako hannu.

"Ku ɗora shi."